Batirin injin huda da galan ɗin fetur: me ya sa bai kamata su kwana a loka ɗaya ba

Yau za mu ɗan fita daga cikin waya mu leƙa shago. Ba mu yi nisa ba dai, domin batirin da za mu yi magana a kansa ɗan uwan wanda ke cikin wayar da ke hannunka ne.

Duk mai zirga-zirga wajen kafintoci, masu haɗa sola, masu aikin alminiyom ko masu kafa dish ya lura cewa injin huda mai igiya ya fara ja da baya. Rashin wuta ya sa da yawa sun koma mai caji: Makita, Bosch, DeWalt, Total, Ingco, da tarin waɗanda aka kwaikwayi kalarsu aka ɗan murɗa sunan. Idan magariba ta kawo jiki, sai a tattara duk abin da ake tsoron a sace a zuba a loka ɗaya. Batura, caja, gwangwanin tina, sholisho, sifirit, da ragowar fetur ɗin janareta. A datse da kwaɗo a tafi gida. Ta fuskar ɓarawo wannan dabara ce mai kyau. Ta fuskar gobara kuwa, babu tsarin da ya fi shi muni, kuma haka abin yake a shagon gyaran waya, da rumfar caji, da ɗakin saurayin da ke ajiye fawabank kusa da jarkar man babur.

Me ke cikin wannan baƙar robar?

Idan aka buɗe batirin injin huda mai 18V, abin da za a tarar ƙananan ƙwayoyi ne masu siffar batirin tocila. Mafi yawansu nau'in da ake kira 18650 ne, wato kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Kowace ƙwaya tana ba da kusan 3.6V, idan ta cika taf ta kai 4.2V. A jera biyar a samu 18V. Wanda aka rubuta wa 20V ma ƙwayoyi biyar ɗin ne, salon ƙidaya ne kawai na 'yan talla. Batiri mai 5Ah yakan ɗauki ƙwayoyi goma.

Yi wannan ɗan lissafin: 18 sau 5 ya ba da 90Wh. Wayar da ke da 5000mAh kuwa tana riƙe da kusan 19Wh ne. Ke nan batirin injin huda guda ɗaya ya kusa kai batirin waya biyar da aka ɗaure wuri ɗaya. Mai batura huɗu a loka, tamkar ya tara wayoyi kusan ashirin ne.

A cikin kowace ƙwaya akwai fallaye biyu da aka naɗe kamar tabarma, ɗaya na ɓangaren ƙari, ɗaya na ɓangaren ragi. Abin da ya raba su wani siririn tantani ne na roba wanda bai kai kaurin gashin kai ba. An jiƙa duka da wani ruwan sinadari, kuma ruwan nan yana cin wuta. Muddin tantanin yana nan lafiya, batiri lafiya lau. Ranar da ya huje ko ya narke, fallayen biyu suka taɓa juna, sai wutar da aka tara ta juye a cikin ƙwayar lokaci guda ta zama zafi.

Daga nan ne abin ke ƙwacewa. Tantanin yakan fara narkewa a wajen digiri 130. Zafin ya sa sinadaran ciki su fara rushewa, rushewar ta ƙara zafi, ƙarin zafin ya ƙara saurin rushewar. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: umarnin da ke kiran kansa babu sharaɗin tsayawa, har sai kwamfuta ta daskare. Bambancin shi ne a nan babu maɓallin sake kunnawa. Ƙwayar takan wuce digiri 500, ta fesa iskar gas mai kama wuta, ta gasa ta kusa da ita, ita ma ta ɗauka. Shi ya sa ake jin fashewar ɗaya bayan ɗaya kamar ana harba nok-awut. Wani abin kuma, idan zafin ya yi yawa, fallen ɓangaren ƙari yana sakin iskar oksijin da kansa. Saboda haka rufe wa batiri iska ba ya tsayar da abin da ke faruwa a cikinsa, saɓanin wutar itace ko ta mai.

Manyan kamfanoni ma abin ya taɓa kayar da su. Samsung ta fitar da Galaxy Note 7 a watan Agustan 2016, a Satumba ta nemi a dawo mata da kusan miliyan biyu da rabi, a Oktoba ta daina ƙera wayar gaba ɗaya. Bayanin da ta bayar a Janairun 2017 ya koma ne kan wannan wuri: a wasu baturan kusurwa ce ta matse fallayen, a wasu kuma tsinin walda ne ya huda tantanin. Idan kamfani mai ɗakunan gwaji irin na Samsung ya faɗa wannan rami, sai ka auna batirin da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyin laftof aka liƙa masa sabuwar sitika.

Abin da ke taso da ita

A shago abubuwa huɗu ne suka fi yawa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Faɗuwa ita ce mai yaudara. Batiri ya suɓuce daga kan tsani, an ɗauka an kaɗe, ya ci gaba da aiki. Amma wata ƙwaya ta lotsa a ciki, kuma matsalar tana iya ɗaukar awanni ko kwanaki kafin ta bayyana, galibi lokacin caji. Sai zafi. Akasarin ƙwayoyin litiyom an yi su ne a yi musu caji tsakanin digiri 0 zuwa 45. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Zinder, watan Afrilu a inuwa ma ana wuce 40, balle cikin kwantena ko ƙarƙashin kwanon da babu silin. Ka ɗora a kan haka cewa batirin ya fito daga yankan ƙarfe da zafinsa, aka danna shi a caja nan take. Cajoji na asali sukan ƙi farawa sai ya huce, na Makita da dama ma har fanka ne da su. Na jabu ba ruwansu.

Na uku haɗewar baki. Jakar aiki cike take da ƙusa, noti, mukulli da guntun waya. Ƙusa ɗaya ta ratsa bakin batirin ta isa, domin an ƙera waɗannan baturan ne su iya sakin wuta mai yawa lokaci guda.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi damun kasuwarmu, shi ne jabu. Cikin batiri mai kyau akwai ɗan allon lantarki da ke lura da kowace jerin ƙwayoyi da kuma zafinsu, ya katse idan abu ya wuce iyaka. Wasu kamfanonin kuma sun raba wannan aikin tsakanin batirin, cajar da injin, sai ukun sun haɗu kariyar ke cika. Shi ya sa nake shakkar ƙananan adaftocin nan da ke ba ka damar sa batirin wani kamfani a injin wani, da kuma ɗabi'ar jona batiri kai tsaye da wayoyi biyu a yi masa caji. Yana yi, ba wanda ya ce ba ya yi. Amma an cire mai gadin ne. Ga wata alama mai sauƙi: ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce kusan 3500mAh, nauyinta kuma wajen giram 45 ne. Duk wadda ka ga an rubuta wa 9900mAh kuma ba ta da nauyi a hannu, ƙarya ce a jikinta.

A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai, mutum 18 ne suka rasu a gobarar batirin litiyom, galibi na kekuna da babura masu caji, har sai da birnin ya hana sayar da waɗanda ba su da shaidar gwaji. A nan gida ma, gobarar da ta ci ɗaruruwan shaguna a kasuwar waya ta Farm Center a Kano ranar Babbar Sallah ta 2025, rahotannin farko da fashewar batiri suka alaƙanta ta.

Ɗaya ɓangaren lokar

Batiri shi kaɗai, a kan siminti, babu komai kusa da shi, idan ya kama zai yi tartsatsi da hayaƙi na wasu mintuna ya mutu. Asarar ita ce batirin. Abin da ke mayar da wannan ya zama gobarar layi guda shi ne abin da ke maƙwabtaka da shi. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da zafin da ya kai kusan 9000Wh, wato ninki ɗari na wutar da ke cikin batirin nan mai 90Wh. Galan mai lita huɗu kuwa, ka ninka da kanka.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ba ruwan fetur ɗin ke kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa tun daga sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ke nan a ƙasarmu babu ranar da ba ya fitarwa. Sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allo da shi yana farawa daga wajen digiri 12. Tina da sholisho su ma tun a yanayin ɗaki suke fitar da nasu. Kananzir sai ya kai wajen 38, wanda a bazara ba wani abin kwantar da hankali ba ne. Dizal ne kaɗai ke da ɗan dama-dama, sai ya wuce 50.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace, yana kwantawa ne a ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa, ya taru a lungu ko a ƙasan loka. Bai ma buƙatar yawa: idan ya kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Soket mai sako-sako, cajar da aka zare, ko injin yankan ƙarfe a ɗaya gefen shagon duk suna iya bayarwa.

Masu aikin katako akwai ƙarin nasu. Tsumman da aka goge man linsid ko fenti mai irin wannan mai da shi yana iya kamawa da kansa, babu ashana babu lantarki. Man yana shan iska yana bushewa, bushewar tana fitar da zafi, idan an cukuikuye tsumman an tara su zafin ba ya samun hanyar fita. A Fabrairun 1991 irin wannan tarin tsumma ne ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 38 a Filadelfiya, One Meridian Plaza, 'yan kwana-kwana uku suka rasu. Maganin ba ya cin ko sisi: a shanya tsumman ɗaya-ɗaya a waje su bushe, ko a nutsar da su a bokitin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Rawayar lokar nan da ake gani a bidiyo

Masu kallon bidiyon shagunan Turawa a YouTube sun san wata loka rawaya mai jan rubutu. Da yawa suna ɗauka cewa ita ce maganin komai, duk abin da ke da haɗari a cusa ciki. Ba haka aka ƙera ta ba. Ƙa'idar Amurka ta ce bangonta ƙarfe ne ninki biyu da sararin iska na inci ɗaya da rabi a tsakani, da dakali na inci biyu a ƙasa don tare abin da ya zube. Gwajinta shi ne a kunna mata wuta daga waje na minti 10, cikinta kada ya wuce digiri 163. A Turai akwai masu jure minti 90. Duka dai manufa ɗaya ce: gobara ta tashi a wani wuri, lokar ta jinkirta isowarta ga fetur da tina har mutane su fita.

Ka lura da abu biyu. Digiri 163 ya riga ya wuce inda tantanin batiri ke narkewa. Na biyu kuma, batiri ba ya jiran wuta ta zo daga waje, shi ne ke iya kawo ta. Wanda ya sa shi cikin lokar fetur ya shigar da abin da aka gina lokar don a tsare. Akwai lokoki na musamman na batirin litiyom waɗanda aka gwada da wuta daga ciki, masu hanyar fitar da hayaƙi, amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin shago, kuma gaskiya mai batura uku ko huɗu ba ya buƙatarsu.

To yaya mai ƙaramin shago zai yi?

Wuri biyu, ba ɗaya ba. In akwai bango a tsakani ya fi, in babu to kowane a ƙarshen shagon da ya fi nisa da ɗayan.

Wurin batura ya zama abin da ba ya cin wuta: kanta ta siminti, shelf na ƙarfe, ko tayil ɗin daɓe biyu a kan bulo. Ya ɗaga daga ƙasa, domin can tururin mai ke kwanciya, amma kada ya matsa kusa da kwano inda zafin rana ke taruwa. A share garin katako, kwali, soso da leda daga kewayensa da kuma samansa. A bar tazara tsakanin batiri da batiri, bulo ɗaya a tsakani ma yana hana ɗaya gasa ɗaya. Kada wurin ya zama bakin ƙofa. Na san a nan soket yakan kasance, amma shago mai ƙofa ɗaya idan wuta ta tashi a bakinta, wanda ke ciki ba shi da hanya.

Idan dole sai an kulle saboda sata, tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe ya yi, a shimfiɗa tayil ko busasshen yashi a ƙasansa, a rufe bakin kowane batiri da murfinsa ko baƙin tef don kada ya taɓa ƙarfen. Sharaɗi ɗaya: kada akwatin ya zama mai toshe iska ruf. Ƙwayar da ta ƙwace tana fitar da gas mai yawa, akwati marar mafita kuma sai ya fashe. A huda masa ƙananan ramuka ta gefen da ba ya kallon mutane ko kaya. Akwatin ba zai kashe wutar ba, aikinsa tare harshenta da ƙwayoyin da ke tsalle. Kuma ajiya ake yi a ciki, ba caji ba, don caja tana son iska.

Maganar caji ita ce inda na san za a yi min gardama. Wuta ba ta zuwa sai ƙarfe biyun dare, kowa yana barin caja a jone ya tafi. Na fahimci dalilin. Amma lokacin caji ne batiri mai rauni ya fi bayyana rauninsa, kuma a wannan lokacin babu kowa a kasuwa sai mai gadi. Batirin injin huda ba ya ɗaukar dare guda, yawanci awa ɗaya zuwa biyu ne. A yi shi da rana ana zaune, ko lokacin da janareta ke aiki, ya cika a zare. Batirin da za a daɗe ba a taɓa ba a bar shi a rabi, fitila biyu cikin huɗu. Cikakken batiri ya fi saurin lalacewa a zafi kuma ya fi tsananin wuta idan ya kama. Shi ya sa tun 2016 ba a yarda a yi jigilar baturan litiyom zalla a jirgin kaya da cajin da ya wuce kashi 30 ba.

Wurin mai kuma, abu na farko shi ne rage yawansa. Sayi tinar da za ta yi mako, ba ta wata uku ba. Kowane abu ya zauna a gwangwaninsa na asali da murfi a datse. Fetur a jarkar da aka yi domin mai, ba robar lemo ba, kuma kada a cika ta har baki don yana kumbura da zafi. A ɗora su a kan faranti na ƙarfe mai baki, a ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa ta ƙasa. Fetur dai, in da hali, ɗan keji na bulo a bayan shago ya fi masa cikin shago. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko da zafinsa.

Mai sola a shago ya ƙara lura da wani abu. Batirin ruwa irin na mota yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ita kuma sama take tashi, saboda haka tana son mafita ta sama. Na litiyom da ake rubuta wa LiFePO4 ya fi na injin huda da na waya jure zafi nesa ba kusa ba, amma wayoyinsa da inbata suna iya tartsatsi kamar kowane. Shi ma ba maƙwabcin jarka ba ne.

Ƙaramar na'urar jin hayaƙi mai aiki da batiri ba ta kai kuɗin batiri ɗaya na asali ba. A maƙala ta a sama da wurin caji.

Idan ta riga ta kama

A nan ne raba su ke ƙara nuna amfaninsa, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Wutar batirin litiyom mai caji ruwa take so, mai yawa, saboda aikin shi ne a sanyaya sauran ƙwayoyin kafin su ɗauka. Ma'aikatan jirgin sama ma abin da ake koya musu ke nan idan waya ko laftof ta kama a cikin jirgi. A fara kashe wutar soket ko a sauke babban layin kafin a watsa. Wutar fetur da tina kuwa ba a zuba mata ruwa, man yana hawa kan ruwan ya bazu. Ita sai yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko kumfa. Idan biyun suna ci a loka ɗaya, duk wanda ka ɗauko ka yi kuskure a rabi.

Hayaƙin batiri yana da guba, akwai kabon monoksaid a ciki da wani gas mai ƙona huhu. Idan ya fi ƙarfin bokiti ɗaya ko biyu, ko hayaƙi ya cika shagon, a fita a kira 'yan kwana-kwana, 112 a Najeriya, 18 a Nijar. Wanda aka kashe ma kada a yarda da shi, yana iya sake tashi bayan awanni.

Kafin a kai ga haka batiri yakan yi gargaɗi: kumburi, tsagewar roba, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na tina, zafi alhali ba a aiki da shi, ƙarar tsiii, ko caja ta dinga ƙin karɓarsa. Wanda ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya yi mummunar faɗuwa, ko ya sha ruwa, kada a sake yi masa caji don a gwada. A rufe bakinsa da tef, a sa shi a bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, a fitar da shi waje a inuwa nesa da bango da kaya. Kada a huda shi don a sace iskar kamar yadda wasu ke yi wa batirin waya mai kumburi, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta da yamma. In za a ba 'yan jari-bola, a gaya musu cewa lalatacce ne, don kada ya shiga buhu ɗaya da ƙarafa.